Muryar Gwaji

Wani ɗan guntun soso baƙi ne ya leƙo ta bayan lambar motar, bai kai kan ɗan yatsa ba. Mufida ta gan shi ne lokacin da ta sunkuya za ta sa kwanon man shanu a but ɗin motar, sai ta tsaya da kwanon a hannu.

Mutum ɗaya ta sani da ke cusa soso a bayan lambar mota. Habibu ya taɓa gaya mata cewa in an ƙara sauti, lamba ce ke fara rawa tana zuzu, mai mota ya yi ta zagin sifikarsa alhali ƙarfen da ke bayan motar ne mai laifin.

Ke nan Hamma Abdulgani ya kai motarsa Kalgo, shagon Habibu.

Ta ajiye kwanon a hankali ta rufe but ɗin. Masu haɗa rediyon mota sun fi goma a Birnin Kebbi inda Abdulgani yake aiki. Me zai kai shi wurin mutumin da ko sunansa aka ambata sai ya tofar da yawu?

Abdulgani ɗan Goggo Dije ne, yayar Baffanta. Tun ranar da Mufida ta gama jami'a ta dawo Gwandu, Goggo ta ɗauka magana ta ƙare, ɗiyar ƙanenta ta ɗanta ce. Sai ga labarin wani Habibu, mai shago a bakin titin Kalgo, wanda ke kwance ƙofofin motoci yana sa musu sifika. Goggo ba ta taɓa kiransa da sunansa ba. Makaɗi take ce masa. An yi mata bayani ya fi a ƙirga cewa bai taɓa riƙe ganga ba, waya da sukundireba ne kayan aikinsa. Ta ce duk mai cin abinci da kiɗa makaɗi ne, makaɗi kuwa kyauta ake miƙa masa daga ƙofar gida, ba ɗiya ba.

Wata takwas ana wannan ja-in-ja. Baffa, wato mahaifinta Malam Mamman, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ranar Talatar da ta wuce, bayan ya aika an bincika masa asalin yaron da sallarsa, ya kira Inna, mahaifiyar Mufida, ya ce a shaida wa mutanen Kalgo su turo manyansu ran Juma'a.

Yau Asabar. Kwana shida suka rage.

Tafiyar ta duba wani ɗan'uwa ce da aka sallamo daga asibiti, can Kalgo. Abdulgani ne ya nace shi zai kai su, shi ne kuma ya ce bai kamata a bar Mufida a gida ba, tunda ta san garin. Baffa ya zauna gaba. Goggo ta cika rabin kujerar baya da mayafinta da jakarta, Mufida ta takure a jikin ƙofa.

Ba su fita gari ba Goggo ta fara. Ba da Mufida take ba, da gilashin mota take. Ta gaya wa gilashin cewa karatun boko ba ya ƙara wa mace komai sai tsawon baki. Ta gaya masa cewa akwai 'yan matan da ake kai wa nono da kindirmo har ɗaki, su ture, su tafi shan ruwan kwata. Ta tambaye shi ko ran Juma'a da kalangu za a zo ko da goge, don ta san irin zanen da za ta ɗaura.

Mufida ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Ta saba. Kwana shida ne, za ta iya haɗiye su.

Sun wuce Dalijan da kaɗan Abdulgani ya gyara madubi har idonsa ya sami nata.

"Kawu, bari ka ji aikin surukinka," in ji shi. "Shekaranjiya na kai mishi motar. A gaskiya ya iya."

Ya ce da can ya cika but da wata ƙatuwar sifika, in ya kunna sai gilasai su yi ta kakkarwa, ƙirji ya yi ta dukan uku-uku, amma ko kalma ɗaya ba a ganewa. Mutumin Kalgo ya ce masa ƙara daban, sauti daban. Ya kwance ƙofofi huɗu ya liƙe cikinsu da roba don kada ƙarfe ya amsa, ya gano an juya wayar sifikar hagu tana ture ta dama, ya rage duk abin da masu gyaran baya suka ƙure. Abdulgani yana faɗa yana murmushi, kamar mai yabon amini.

Ya danna maɓallin rediyon. Karatun Alƙur'ani ya fito.

Ko Goggo sai da ta yi shiru. Muryar ba daga ƙofa take fitowa ba, ba daga baya ba. Tana nan gaba, a tsakiyar gilashi, kamar mai karatun yana zaune a kan dashbod ya tanƙwashe ƙafa. Ana jin inda ya ja numfashi, ana jin inda harshensa ya taɓa haƙori.

Mufida ba karatun take kallo ba, ƙeyar Baffa take kallo. Bai karkata kai ba.

Shekara biyu ke nan kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma ya fara nauyi. Daga ita sai Inna suka sani, su ma ba shi ya gaya musu ba, gani suka yi. Magidanta daga Maruda da Dodoru suna zuwa zaurensa kullum da hantsi su ba da hadda, yana gyara musu. Ya mayar da buzunsa jikin bangon hagu don kowa ya zauna ta damansa, ya ce hasken ƙofa ne ke damun idonsa. In rediyo na magana, yakan ɗan juya kai kamar mai duba wani abu a waje. Yau bai juya ba. Har leɓɓansa suna bin ayar.

"Madalla," in ji Baffa a hankali. "Wanga ya fita."

Wani sanyi ya sauka a zuciyar Mufida. Ta ji kamar ta yi wa Hamma godiya.

"Ai ba ka ji komai ba, Kawu. Ga wadda yake gwada motoci da ita."

Ya sake dannawa.

An ɗan yi shiru, sai ƙarar shafar waya, sai kukan zakara daga nesa. Zakaran gidansu ne. Ta gane shi kafin ta gane kanta.

"Salamu alaikum. Habibu, ni ce. Ka ce in yi maka magana ba rubutu ba, to ga shi, amma kar ka yi mini dariya. Ban san mi zan ce ba. An yi ruwa jiya. Saniyar Inna ta haihu, ɗan maraƙi ja mai farin goshi. Ka ci abinci kuwa? Na san ba ka ci ba."

Saƙon murya ɗaya ta taɓa aika wa namiji a rayuwarta, wata huɗu da suka wuce, tana tsugune a bayan rumbu. Ga shi yanzu zaune a kan dashbod, tas, har da ɗan rawar da muryarta ta yi wajen faɗin sunansa.

"Hamma, don Allah kashe," ta ce.

Ya ce maɓallan sababbi ne, bai gama sanin kansu ba.

Muryar ta yi 'yar dariya, ta ce yau ma Goggo ta zo. Sannan ta shaƙe hanci ta ja magana irin ta Goggo sak, ta ce aradu ba a kai mu gidan makaɗa ina raye. Ta sake dariya.

Goggo ta dafe ƙirji ta juyo gaba ɗaya. Amma Mufida ba ta ita take ba. Ta san abin da ke biye. Ta miƙa hannu ta tsakanin kujeru tana lalubar rediyon, hawaye sun rufe mata ido.

"Hamma, na roƙe ka da girman Allah."

"Bar shi," in ji Baffa, bai waiwayo ba.

Muryar ta yi ƙasa, irin ta mai tsoron bango ya ji. Da a wata mota ce, da ƙugin inji ya haɗiye ta. A wannan motar ko harafi ɗaya bai faɗi ba.

"Akwai abin da nike son tambayarka, kai da ka san sha'anin sauti. Amma amana ce. Kunnen Baffa na hagu ya mutu. Na daman ma ya fara. Jiya wani mutumin Maruda ya tsallake aya guda a hadda, Baffa bai ji ba, ya ce mishi madalla. Ni daga tsakar gida na ji. Na shiga ɗaki na yi ta kuka. Akwai abin da ake sa wa kunne wanda mutane ba su gani? In ka saurara ka goge. Don Allah ka goge."

Saƙon ya ƙare. Ba a jin komai sai tayoyi a kan kwalta.

Goggo ce ta fara farfaɗowa. Ta manta da kwaikwayon da aka yi mata, ta sami abin da ya fi shi. Ta ce ashe shi ya sa ran wani taron suna ta yi ta magana ƙanenta na kallon bango. Ta ce ita da suka sha nono ɗaya an ɓoye mata, amma makaɗin Kalgo ya sani. Ta ce wagga ɗiya ba aure take nema ba, tallan gidansu take yi.

Baffa ya ɗaga hannu kaɗan, ta yi shiru.

"Kai mu shagon," ya ce da Abdulgani.

Suka ci gaba da tafiya zuwa Kalgo. Mufida ta yi kuka har ta gaji, ba mai ce mata yi haƙuri. Sau biyu ta buɗe baki za ta ce Baffa, sai ta tuna tana zaune ne ta bayan hagunsa.

Shagon ɗan ƙarami ne, rumfar kwano a gaba, wata tsohuwar tasi a ƙarƙashinta an cire mata ƙofa an jingine. Habibu yana tsugune da guntun waya a baki. Ya ga motar ya miƙe da sauri yana cewa Alhaji Isa, tun shekaranjiya yake neman lambarsa, an tafi masa da memori, ɗan abin da yake ajiye sauti a ciki, maƙale a jikin rediyo.

Sai ya ga wanda ya fito ta ɗaya ƙofar. Sai ya ga Mufida da jajayen idanu. Wayar ta faɗo daga bakinsa.

"Ba Isa ba ne," in ji Mufida, muryarta a dishe. "Hamma Abdulgani ne, sunan ƙarya ya ba ka."

Habibu ya durƙusa ya gai da Baffa. Baffa ya juya ga Abdulgani. Ya miƙa hannu, Abdulgani ya zare ɗan memorin ya sa masa a tafi. Baffa ya daɗe yana kallonsa, abu kamar ƙwayar kabewa.

Ya tambayi Habibu ko nasa ne. Ya ce nasa ne. Ya tambaye shi ko ya san abin da ke ciki. Ya ce ya sani. Ya tambaye shi me muryar ɗiyar mutane take yi a cikin kayan aikinsa.

Amos mai gyaran wayar mota, maƙwabcinsa, ya fito daga nasa shagon yana goge hannu. Wasu direbobi biyu da ke cin rake a benci suka daina tauna.

"Baba, kiɗa yana ruɗin kunne," in ji Habibu, kansa a ƙasa. "Ko sifika ta lalace, in ka sa ganga sai ka ji kamar da daɗi. Amma muryar mutumin da ka sani ba ta ruɗinka. In ta yi kauri, ka san ka cika na ƙasa. In ta yi tsini, ka san ka cika na sama. In ta fito daga ƙasan ƙofa ba daga gabanka ba, ka san akwai wayar da anka juya. Kowane mai wanga aiki yana da muryar da yake gwaji da ita. Ni kuwa babu muryar da na sani kamar..."

Bai ƙarasa ba.

Goggo ta tafa hannu ta ce to ga shi nan, da bakinsa. Wasu makaɗan da fatar akuya suke kiɗa, wannan da ɗiyan mutane yake yi.

Habibu ya ce wallahi farkon kawai yake sawa, daga sallama zuwa inda ta tambaye shi abinci, nan yake tsayarwa ya koma baya. Ya ce gilashi a rufe yake yi, shi kaɗai a kujerar direba. Shekaranjiya ma ya shiga wurin Amos ne karɓo fis na wutar mota, kafin ya fito mai motar ya ja abarsa.

"Mota nawa?" in ji Baffa.

"Tun bayan ƙaramar Salla ne, Baba."

"Ban tambaye ka yaushe ba."

Habibu ya dubi ƙasa. "Za su kai arba'in."

Abdulgani ya yi dariya ta hanci. Ya ce gilashi a rufe, shi kaɗai? To shi a ina ya ji labari? A tashar Birnin Kebbi wani direba ya ce masa in yana son motarsa ta yi magana kamar mutum, ya tafi Kalgo wurin mai gwaji da 'Yar Gwandu. Haka suke kiranta. Har akwai masu gaida juna da ka ci abinci kuwa, na san ba ka ci ba.

Ɗaya daga cikin masu raken ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ta fi duk maganar Abdulgani yi wa Mufida ciwo. Ita da ta yi shekara huɗu a jami'a ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba don kada a juyo a dube ta.

Baffa bai taɓa kiran sunanta ba, ɗiyar fari ce. Yau ma bai kira ba.

"Ke. Muryarki ce. Shiga ki karɓo abinki, duk inda ya aje ta."

Ta bi Habibu cikin shagon. Wurin yana warin gam da ƙonanniyar dalma. Ya ɗauko wayarsa, ya nuna mata saƙon, ya goge a gabanta. Ya buɗe wata tsohuwar kwamfuta, nan ma ya goge. Ya jawo akwatin ashana, ya fito da wani memorin, ya miƙa mata.

"Huɗu ke nan da na hannun Baffa," ta ce. "Na ce ka goge ɗaya, ka mayar da shi huɗu."

"Mufida, ki saurare ni."

"Na saurara. Tun daga Dalijan nike saurare. Aikinka ya yi kyau, Habibu. Baffa bai rasa kalma ɗaya ba."

Ya ce ya yi niyyar gogewa a ranar. Ya sa yatsa ya kasa. Wata huɗu an hana su haɗuwa, ba ta ɗaukar waya, rubutu kawai, shi ma layi biyu. Wannan saƙon ne kaɗai inda yake jin numfashinta. Ranar da ya fara sa shi a mota ba don gwaji ba ne, kewa ce ta ishe shi. Sai ya ji muryar ta fito ba daidai ba, ta yi kauri kamar mai mura, ya kasa haƙura sai da ya gyara motar har ta zama ita. Mai motar ya dawo ya ce ba a taɓa yi masa aiki irin wannan ba. Daga nan abin ya zame masa hanya.

"Wani lokaci mai mota yakan shigo kafin in kashe," ya ce. "Ban ɗauka wani abu ba ne. Sallama ce da labarin maraƙi."

"Kai ne ba ka ɗauka ba." Hawayen suka dawo mata, ta bar su. "Ka san sau nawa na ɗauki saƙon nan ina gogewa kafin in aiko? Sau tara. Ina tsugune bayan rumbu kamar ɓarauniya. Na ba ka abin da ban taɓa ba kowa ba, ka rataye shi tare da sukundirebobinka."

"Ban taɓa barin kowa ya ji zancen Baba ba. Na rantse."

"Amma ka bar shi a wurin. Kana iya yanke waya ka haɗa, ba ka iya yanke magana ba?"

Ya ce ya bincika mata abin kunnen, akwai wani likita a Sakkwato, yana jira ne a ɗaura aure ya san yadda zai kawo zancen ba tare da Baba ya ji kunya ba.

"Ya riga ya ji," ta ce. "A gaban yayarsa. A bakin ɗiyarsa."

Ya tambaye ta ko ta fasa. Ta daɗe tana kallon ɗan memorin a tafinta. Tana jin haushinsa har cikin ƙashi, kuma tana ganin yadda ya rame, da ƙunar dalma a babban yatsansa. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne har yanzu so take ta tambaye shi ko ya ci abinci.

"Ba ni ke da Juma'a ba," ta ce. "Baffa ke da ita."

Ta fito. Goggo na tsaye a tsakiyar rumfa tana yi wa Amos da direbobin bayanin asalin gidansu tun daga kakan kakanta, tana cewa a yau ɗin nan za a aika Kalgo a ce kada wanda ya wahalar da ƙafarsa. Abdulgani ya buɗe wa Baffa ƙofar gaba yana riƙe da ita, yana cewa Kawu ya shigo rana ta yi zafi, ai gara da Allah ya tona abin tun ba a ƙulla ba.

Baffa yana tsaye a bakin rumfar, yana fuskantar titi, hannayensa a baya.

Mufida ta zo ta tsaya kusa da Abdulgani. Ba ta taɓa yi masa musu ba tun suna yara. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta san ta gefen daman Baffa take tsaye.

"Hamma, kwana biyu abin nan yana hannunka. Ka saurare shi har ƙarshe, ka san mi ke ciki. Da ni kake son kunyatawa, da ka kashe bayan zancen Goggo."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya ce ita ba ta da bakin magana yau. Goggo ta ce a ji mara kunya, ta tona asirin ubanta kuma tana neman wanda za ta shafa wa.

Baffa bai motsa ba. Amma ta ga yatsunsa sun matse a bayansa.

Sai Habibu ya fito daga shagon. Ya cire hularsa ya riƙe. Ya nufo Baffa ta gefen da ya fi kusa, gefen hagu, ya fara durƙusawa, ya ce, "Baba..."

Ya tsaya.

Mufida ta ga abin da zai yi tun kafin ya yi.

Ya miƙe, ya zagaya ta bayan Baffa a hankali, cikin ladabi, kamar mai tsallake abin sallar wani. Ya dawo ta dama. Nan ya durƙusa, ya ɗan ɗaga kai saitin kunnen, ya buɗe baki sosai yana rarrabe kalmomi ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa wanda ba ya ji.

"Baba, na yi laifi. Ka hukunta ni yadda ka ga dama. Amma don Allah, manyana su zo ran Juma'a?"

Amos ya dubi inda Habibu ya taso, ya dubi inda ya durƙusa, ya dubi kunnen dattijon, sannan ya kawar da ido da sauri. Direbobin ma sun gani. Abin da babu wanda ya faɗa a gabansu tun da aka zo, yanzu kowa ya karanta shi a ƙasa, a sawun takalmin Habibu.

Baffa ya sauke ido ya dube shi. Kallon ba na fushi ba ne, ya fi fushi muni. Sannan ya juyo ya dubi Mufida, karo na farko tun Gwandu. Ta ga yadda fuskarsa ta tsufa a hantsi ɗaya.

Ya buɗe tafinsa. Ɗan memorin ya faɗi a cikin ƙasa, tsakaninsa da Habibu.

Abdulgani ya ƙara buɗe ƙofar motar. Baffa ya wuce ta ko kallo bai yi mata ba. Ya gyara babbar rigarsa a kafaɗa, ya duba titi dama da hagu, ya sake duba hagun sau biyu, ya tsallaka. Goggo ta kira shi da sunansa, Mamman, Mamman. Bai waiwayo ba.

Habibu yana nan durƙushe da hula a hannu, yana jiran amsa. Mufida ta bi farar rigar da ido, tana tafiya a gefen kwalta ba sauri ba nawa, har ta shige cikin mutanen da ke ƙofar tasha.